Maƙwabtaka da Rijiyar Mai: Izina Daga Birnin Los Angeles

Duk wanda ya ji an ambaci birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne masana'antar finafinai da faffaɗan tituna da attajirai masu zaman jin daɗi a bakin teku. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan birni, da shi da garuruwan da ke kewaye da shi, a kan ƙasa mai ɗauke da ɗanyen mai aka kafa su, har ma a cikin unguwanninsu, tsakanin gidajen kwana da makarantun yara da asibitoci, akwai dubban rijiyoyi da ake zuƙo mai daga cikinsu dare da rana. Shekara fiye da ɗari ke nan mutum da rijiyar mai suna zaman maƙwabtaka a can, saboda haka idan ana neman sanin abin da ke samun lafiyar ɗan Adam yayin da aka haƙa rijiya a bayan katangar gidansa, babu makarantar da ta fi wannan birni, domin abin da wasu ƙasashe ke fargaba tukuna, su sun riga sun ɗanɗana shi, likitocinsu sun auna shi, alƙalansu kuma sun saurari shari'arsa.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar na farko sun san da wata kwalta da ke tsattsafowa daga ƙasa a wurin, suna ɗiba suna liƙe kwale-kwalensu da ita. A 1892 wani mai neman arziki, Edward Doheny, da abokinsa Charles Canfield, suka fara haƙa rijiya da diga da shebur kusa da tsakiyar gari, suka kuwa dace da mai. Da labari ya bazu sai kowa ya duƙufa haƙa a filinsa, wasu ma a tsakar gidajensu, kafin 'yan shekaru rijiyoyi sun kai ɗaruruwa a cikin gari. Aka sake samun mai a tudun Signal Hill a 1921, da Inglewood a 1924, har ya zamana a wancan zamani jihar Kalifoniya ita kaɗai tana fitar da kusan rubu'in man da duniya ke samu, sa'an nan babban filin Wilmington ya biyo baya a 1932. Kuɗin mai ya jawo jama'a, jama'a suka nemi matsuguni, aka yanka filaye aka yi gine-gine a gefen rijiyoyin, wani lokaci ma a kan tsofaffin da aka binne ba tare da an toshe su yadda ya kamata ba. Ta haka birni da filin mai suka cakuɗe da juna, cakuɗar da har yau ba a gama warware ta ba. A halin yanzu, a faɗin jihar, mutum fiye da miliyan biyu ne ke kwana suna tashi a ƙasa da tazarar kilomita ɗaya daga rijiyar da ke aiki.

Mai karatu yana iya tambaya, to ina cutar take, tun da man a cikin bututu yake tafiya, ba a kan titi yake malala ba? Amsa ita ce, rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Tare da shi akwai iskar gas da gurɓataccen ruwa mai gishiri, kuma duk inda bututu ya haɗu da bututu, ko aka buɗe murfin tanki, ko wani famfo ya tsufa ya fara yoyo, sai wani abu ya sulale ya gauraya da iskar da mutane ke shaƙa. Daga cikin abin da ke sulalewa akwai sinadarin benzin da danginsa, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta daɗe da sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman sankarar jini, domin ɓargo yake taɓawa, inda jiki ke sarrafa jini. Akwai kuma wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana ke kira haidirojin salfaid. Kaɗan daga cikinta kan sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya da raɗaɗin ido, mai yawa kuwa takan kashe jin wari a hanci, mutum ya zaci ta wuce, alhali kuwa a lokacin ne ta fi haɗari.

Bayan waɗannan, rijiyoyin Los Angeles tsofaffi ne, mansu ya ja baya, ba sa bayarwa sai an yi musu dabara, wato a riƙa tura musu ruwa da ƙarfi ta ƙarƙashin ƙasa, ko a ɗura musu ruwan asid mai kaifi domin ya narkar da abin da ya toshe hanyar mai. Shi kuwa wannan asid a manyan motoci ake kawo shi, ta titunan da yara ke bi zuwa makaranta. Motocin da injunan da ke aiki da man dizal suna fitar da hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, masu ratsa huhu har su kai ga jini. Ga kuma ƙara da girgiza da hasken fitilu masu hana barci, rashin barci kuwa idan ya daɗe yakan taɓa zuciya ya ta da jini. Hatta rijiyar da aka daina aiki da ita ba a rabu da sharrinta ba matuƙar ba a toshe ta da kyau ba: a watan Maris na 1985 iskar metan da ta taru a ƙarƙashin wani kantin tufafi a unguwar Fairfax, wanda aka gina a kan tsohon filin mai, ta kama da wuta ta fashe, mutum 23 suka jikkata.

Domin a ga al'amarin kusa da kusa, bari mu leƙa unguwar University Park da ke kudancin birnin, inda galibin mazauna talakawa ne 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka masu zaman haya. A tsakiyar unguwar, a bayan wata doguwar katanga, akwai wani fili mallakar cocin Katolika wanda kamfanin AllenCo ya karɓa haya yana haƙar mai a ciki. A wajajen 2010 kamfanin ya ƙara ƙaimi ga aikinsa matuƙa, sai mutanen unguwa suka fara jin wari yana shigo musu ta taga, wani lokaci na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci kuma wani ƙamshi na jabu irin na 'ya'yan itatuwa. Daga cikin yaran da gidansu ke fuskantar katangar akwai Nalleli Cobo, wadda a lokacin shekarunta tara. Ta shiga fama da ciwon kai da asma da bugawar zuciya, haɓo kuwa ya matsa mata har ta kai tana kwana a zaune domin kada jini ya shaƙe ta cikin barci. Da mahaifiyarta ta bi gida gida tana tambayar maƙwabta, sai ta tarar abin da ta ɗauka lalurar ɗiyarta ce ita kaɗai ashe ta game unguwa.

Mutanen suka haɗa kai, suka riƙa rubuta ranar da wari ya taso da sa'ar da ya taso, suna kai ƙara ga hukuma, ƙorafi ya kai ɗaruruwa ba a ga canji ba, har zuwa 2013 da jami'an hukumar kare muhalli ta tarayya suka zo duba wurin da kansu, su ma suka fita da ciwon kai da tari da raɗaɗin maƙogwaro. A watan Nuwamba na wannan shekara kamfanin ya dakatar da aiki, mazauna kuma suka ba da shaidar cewa haɓon da ciwon kan sun lafa. Ita Nalleli ta ci gaba da gwagwarmaya. Tana da shekara 19 aka same ta da ciwon daji, ta sha jinya mai tsanani, Allah ya tashi kafaɗunta, a 2022 kuma aka ba ta lambar yabo ta Goldman, wadda ake bai wa masu fafutukar kare muhalli a duniya.

A nan wajibi ne a yi adalci ga ilimi. Babu likitan da zai ɗauki mutum guda ya rantse cewa ciwonsa daga rijiya kaza ya fito, domin cuta ɗaya takan samu ta sabubba da dama, kuma birni cike yake da hayaƙin motoci da na masana'antu. Wannan ita ce hujjar da kamfanoni suka daɗe suna fakewa a bayanta. Hanyar da masana ke bi kuwa ita ce su tara jama'a masu yawa, su kwatanta na kusa da rijiya da na nesa da ita, bayan sun cire tasirin shan taba da shekaru da talauci da kusanci da babbar hanya. Idan bambanci ya saura, aka kuma sake samunsa a wuri na biyu da na uku ta hannun masu bincike dabam dabam, to an kai ga zato mai rinjaye, shi kuwa zato mai rinjaye, kamar yadda malaman usulu suka karantar, ya isa a gina hukunci a kansa, balle a wurin tsare rai.

Irin wannan bincike ne Jill Johnston ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da Bhavna Shamasunder ta Kwalejin Occidental suka jagoranta a kudancin Los Angeles, suka wallafa sakamakonsa a 2021. Sun gwada mutum kusan dubu da ke zaune kewaye da wuraren haƙa guda biyu, kowa aka ba shi na'urar da zai hura wa iska iyakar ƙarfinsa a auna abin da huhunsa ke iya fitarwa. Suka tarar waɗanda suka fi kusa da rijiyoyin, musamman waɗanda iska ke kaɗowa daga wajen rijiya zuwa gidajensu, huhunsu ya fi rauni, kuma sun fi kukan shaƙewar numfashi da raɗaɗin ido da maƙogwaro da jiri. Girman raunin kuwa suka kwatanta shi da na wanda ke zaune tare da mashayin taba yana shaƙar hayaƙinsa kullum.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da ya shafi masu juna biyu, domin ɗan da ke ciki ba shi da wata iska sai wadda uwarsa ta shaƙa. A 2020 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun bi bayanan haihuwa kusan miliyan uku na tsakanin 2006 da 2015, suka ga cewa a karkara matan da ke zaune cikin kilomita ɗaya daga rijiyoyi masu yawan fitar da mai, yiwuwar su haifi jariri marar cikakken nauyi ta ƙaru da kashi 40 cikin 100. A birane bambancin bai kai haka ba, amma bai ɓace ba. A 2020 ɗin kuma wani bincike a kudancin jihar Texas, inda ake ƙona rarar iskar gas a sararin sama, ya nuna matan da aka kunna irin wannan wuta sau goma ko fiye cikin kilomita biyar daga gidajensu yayin da suke da ciki, yiwuwar su haifi bakwaini ta ƙaru da kashi 50 cikin 100. Sa'an nan a 2022 masana na Jami'ar Yale suka duba yara a jihar Pennsylvania, suka tarar waɗanda aka haifa kusa da rijiyoyin gas na zamani, haɗarin kamuwarsu da wani nau'i na sankarar jini ya ninka sau biyu zuwa uku. Wuraren sun sha bamban, hanyoyin haƙar ma sun sha bamban, amma magana ɗaya ce ke maimaita kanta: gwargwadon kusanci, gwargwadon cuta.

Wannan cuta kuwa ba a raba ta daidai tsakanin mutanen birnin ba. A yammacin gari, inda masu hali suke, an daɗe da tilasta wa kamfanoni su killace aikinsu. Akwai wurin haƙa a titin Pico da aka lulluɓe da gini mai kama da benen ofis, marar tagogi, domin ya tare ƙara da wari, hasumiyar da ta daɗe a harabar makarantar sakandaren Beverly Hills ma rufe ta aka yi aka zana mata furanni. A Wilmington da kudancin birni kuwa, inda baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka suka fi yawa, sau da yawa katanga ko shingen waya ne kawai tsakanin injin da tagar ɗakin kwana. Wannan ya sa ƙungiyoyin matasa suka kai hukumar birnin ƙara a 2015 bisa zargin nuna bambanci, aka sasanta a shekarar da ta biyo. Tushen bambancin tsoho ne, domin a shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirorin biranen Amurka, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe da baƙin haure jan launi a matsayin inda bai kamata a ba da rancen gina gida ba. Bincike na 2022 ya nuna unguwannin da aka shafa wa jan suna da rijiyoyi kusan ninki biyu na waɗanda aka yaba.

Gyara ya zo, amma a makare, kuma da kyar. A watan Satumba na 2022 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta haramta haƙa sabuwar rijiya a ƙasa da ƙafa 3,200, wato kusan kilomita ɗaya, daga gida ko makaranta ko asibiti, bisa shawarar wani kwamitin masana lafiya. Kamfanonin mai suka kashe dukiya mai yawa wajen tara sa hannun jama'a domin a kai dokar ga ƙuri'ar raba gardama, hakan ya dakatar da ita, sai a watan Yuni na 2024 suka janye, doka ta fara aiki. Majalisar birnin Los Angeles ita ma a watan Disamba na 2022 ta zartar da hana sabuwar haƙa da rufe tsofaffin rijiyoyi cikin shekara ashirin, kotu ta soke wannan hukunci a 2024, majalisar jiha kuma ta yi sabuwar doka da ta bai wa ƙananan hukumomi ikon yin irinsa. Duk wannan ja-in-ja a ƙasa ce mai ƙarfin shari'a da yawan likitoci da 'yan jarida, amma shekara 130 aka yi daga rijiyar Doheny kafin jihar ta shata iyaka tsakanin rijiya da gida.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a wannan shari'a ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, Ibnu Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-gine idan husuma ta tashi tsakanin maƙwabta, ya kuma tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya a kan haka cikin littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan, inda ya yi bayanin hayaƙin tanderu da na gidajen wanka, da warin majema, da girgizar dutsen niƙa mai raunana bangon maƙwabci. Fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin sabuwar cuta da tsohuwa: wadda aka kawo wa mutane suna zaune, hukuncinta a gusar da ita, wadda kuwa mutane suka zo suka tarar, a kanta ne maganganu suka yawaita, gusar da ita ya yi wuya. Wannan wuyar ce ta ɗaure Los Angeles, domin a unguwanni da yawa kamfani yana iya cewa shi ya riga kowa zuwa. Su malaman nan kuma su ne suka yanka wa rijiyar ruwa hurumi, suka hana a yi abin da zai ɓata ta a kewayenta. Idan rijiyar da ake sha tana da hurumi domin a tsare ta daga mutane, to rijiyar mai ta fi cancantar hurumi domin a tsare mutane daga gare ta.

Mu kuwa wannan magana ba ta yi mana nisa ba. 'Yan'uwanmu na Neja Delta sun sha abin da ya fi na Kalifoniya ɗaci: rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya sami benzin a ruwan rijiyoyin sha na Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, mutanen Fatakwal kuma tun daga 2016 suke kukan baƙar toka da ke sauka a kan rufinsu da tufafinsu da huhun 'ya'yansu. Yanzu ga mai ya matso gida: a watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, matatar Damagaram kuma tun 2011 take tace man Agadem. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada wani ya ce ai waɗannan wurare daji ne, domin duk inda mai ya ɓullo gari yakan bi shi. Masu neman aiki za su zo, da direbobin tanka, da masu sayar da abinci, da 'yan tireda, rumfar bana ta zama gida baɗi, kafin a farga an yi unguwa da masallaci da makarantar allo a gindin rijiya.

Saboda haka lokacin shata iyaka shi ne yanzu, tun fili yana fili. Wajibi ne gwamnatoci su yanka wa kowace rijiya da kowace wutar gas hurumi a rubuce cikin doka, wanda ba zai gaza kilomita ɗaya ba, kada kamfani ya haƙa a cikin hurumin gari, kada kuma gari ya yi gini a cikin hurumin rijiya. A auna ruwan sha da iska da lafiyar mazauna tun kafin a fara aiki, a ajiye sakamakon inda kowa zai iya gani, domin ranar da cuta ta bayyana a sami abin kwatantawa, kada a ce wa talaka ya kawo hujjar da ba shi da halin samowa. A karɓi kuɗin toshe rijiya daga hannun kamfani tun ranar da aka ba shi izini. Dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu domin al'ummomin da ke masaukinsu, abu ne mai kyau, amma asibitin da aka gina da wannan kuɗi ba zai mayar wa yaro huhun da ya lalace ba.

Sarakunanmu da hakimai da dagatai, waɗanda a hannunsu amanar filaye take, kada su yanka wa kowa fuloti a gefen rijiya komai matsin masu nema. Magidanci kuma kada arahar fili ta ruɗe shi ya kai iyalinsa inda za su biya da lafiyarsu. Waɗanda suka riga suka sami kansu a irin wannan maƙwabtaka su yi koyi da mutanen University Park: su rubuta ranar da wari ya taso da abin da ya sami yaransu, su kai marar lafiya asibiti su gaya wa likita inda suke zaune, masu ciki su lizimci zuwa awo, su kuma kai kukansu ga hukuma a ƙungiyance, domin muryar mutum guda ana iya shashantar da ita, ta unguwa kuwa da wuya. Man fetur ni'ima ce daga Allah, babu mai hankalin da zai ce a ƙi ta, amma tsare rai yana gaba da tsare dukiya a shari'a da kuma a hankali. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe wannan amana, mu kuma ya ba mu ikon tunatar da su.